Magenmu ta ɓace a Manchesta, an ce tana da cip, ta ina zan fara?

Tambayar da wata ƙanwata ta turo min ita ce, a taƙaice: suna zaune a Manchesta, magensu ta fice daren 5 ga Nuwamba lokacin da ake ta harba tartsatsin wuta, yau kwana huɗu babu ita babu labarinta. Asalin magen ta wata ɗaliba ce da ta gama karatu ta koma Kano ta bar musu, kuma ta ce musu an sa mata cip. Maigida ya ce tunda akwai cip ai sai a buɗe waya a ga inda take, ita kuma ta kira kansil, wato ƙaramar hukumarsu, sun ce su ba ruwansu da mage. Yara sun ƙi cin abinci. Ya za ta yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya bayyana ta da alheri. Kwana huɗu a wajen mage ba wani dogon lokaci ba ne kar ki karaya, ni na san wadda ta dawo bayan wata biyu ta shigo kicin ta zauna gaban kwanonta kamar aikenta aka yi. Aikin likitan dabbobi nake yi a nan arewacin Ingila shekaru da dama, kuma makon farko na Nuwamba duk shekara haka wayar asibitinmu take wuni tana ƙara, wannan karensa ya tsinke igiya, wannan magenta ta bi ta taga, don ƙarar abin nan da suke harbawa yana firgita dabba ba kaɗan ba. To ba ke kaɗai ba ce. Amma gaskiya abin da ya fi tsaya min a rai a tambayarki shi ne maganar ɗalibar nan da ta koma gida, ya ma fi ɓatan kansa damuna.

Bari in fara da maganar maigida, ki ba shi haƙuri ki ce masa likita ta ce cip ba ya nuna inda dabba take, ko kaɗan. Ɗan ƙaramin abu ne kamar ƙwayar shinkafa, da allura muke tura shi ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, ba batir a jikinsa balle ya yi magana da wayarki, kwance yake shiru sai ranar da wani ya ɗauko sikana ya goga a bayan magen sannan ya farka ya ba da lamba. Lamba ce mai alƙaluma 15, iyakar abin da ke cikinsa kenan, babu sunanki babu adireshi babu komai. Ki ɗauke shi kamar lambar mota, lambar ba ta faɗa miki inda motar ta shiga, sai dai wanda ya tsinci motar ya kai lambar ofishin da aka yi rajista su buɗe littafi su ga sunan mai ita. To mu ma haka muke yi, in an kawo mana tsintacciyar mage mu karanta lambar, mu shiga intanet mu ga wane kamfanin rajista ne yake riƙe da ita, mu buɗe mu ga suna da lambar waya, mu kira.

A nan gizo ke saƙar. Sunan wa za mu gani in mun buɗe rajistar magenku? In dai ba ku zauna kun canza ba tun da aka ba ku ita, sunan ɗalibar nan ne, da adireshin ɗakin da ta yi haya, da layin wayarta na Ingila wanda na tabbata ya mutu tunda ta sauka Kano ta mayar da layinta na gida. Kin ga kenan ko a yau da safe wani bawan Allah ya tsince ta ya kai ta asibiti, an karanta, an kira, wayar ta ce ba a amfani da wannan lambar, magen tana can cikin keji tana jiranku ku kuma kuna nan kuna zagaye unguwa. Don haka kafin fosta kafin Facebook kafin komai, yau ɗin nan ki nemo yarinyar nan a WhatsApp. Abu uku kike so daga wajenta, lambar cip ɗin, sunan kamfanin da aka yi rajistar, da kuma ta shiga asusunta da imel ɗinta, daga Kano ma za ta iya, ta danna cewa magen ta ɓace ta sa lambar wayarki a ciki. Minti goma ne in tana tuna kalmar sirrinta. Daga nan sai ta fara mayar da rajistar sunanki, yawanci wata lamba suke ba tsohon mai riƙo ya tura wa sabo, wasu kamfanonin suna karɓar 'yan kuɗi kaɗan a kai.

In ta ce wallahi Anti na manta, kar ki yi mata faɗa, kusan kowa mantawa yake. Ki duba takardun da ta bar miki, katin rigakafin magen yawanci akwai wata 'yar sitika mai zane-zanen layi a jiki, lambar tana ƙasanta. In babu kati, ta tuna asibitin da ta taɓa kai ta, suna da lambar a kwamfutarsu, sai dai ita za su ba ba ke ba, don haka ita za ta tura musu saƙo. In kin samu lambar amma ba ku san kamfanin ba, akwai shafin Check-a-Chip, ki zuba lambar zai faɗa miki inda take. Kamfanonin nan da gwamnati ta amince da su sun kai wajen 20, irin su Petlog da Identibase da PETtrac da Animal Tracker, ba rumbu ɗaya ba ne na ƙasa baki ɗaya, kuma ni dai a ganina wannan rarrabuwar tana cikin abin da ke wahalar da mu, amma haka tsarin yake sai haƙuri. In kuwa yarinyar ta ɓace miki gaba ɗaya, ki kira kamfanin da kanki ki yi musu bayani, ba za su karanta miki bayanan wani ba, amma suna da hanyar da suke bi su nemi tsohon mai riƙo, in sun jira bai amsa ba su mayar, sai dai wannan yana cin makonni, shi ya sa nake ta nanata ki same ta.

Kuma kar tsoron tara ya hana ki kira, na san mutanenmu da gudun duk abin da ya shafi hukuma. Eh doka ce a Ingila tun 10 ga Yunin 2024 duk mage sai an sa mata cip kafin ta cika mako 20, kuma bayanan rajista su zama na yanzu, tarar tana iya kai fam 500. Amma ba haka kawai ake yanka wa mutum ba, sai an ba ka takarda an ba ka kwana 21 ka gyara ka ƙi. Ke da kika zo gyarawa da ƙafarki ba wanda zai taɓa ki.

Akwai wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009, masana daga jami'ar jihar Ohayo suka bi dabbobi sama da 7,000 a gidajen ajiye dabbobi 53, suka ga magen da ba ta da cip ko kashi 2 cikin ɗari ba sa komawa ga masu su, masu cip kuwa kashi 38 da 'yan kai. Ki dubi tazarar. Amma ki sake duban ɗaya gefen, masu cip ɗin ma fiye da rabi ba su koma ba, kuma babban dalilin da suka samu shi ne lambar waya ba daidai ba ko ta daina aiki. Ni ban ma buƙaci bincike ba, na gani a gabana. Wani dattijo Bature ya taɓa shigo mana da wata mage toka-toka cikin kwandon wanki ya rufa mata tawul, ya ce kwana uku tana kwana ƙarƙashin motarsa. Na goga sikana a kafaɗa shiru, na bi wuya shiru, sai can wajen haƙarƙari ta yi ƙara, don wani lokaci cip ɗin yana zamewa daga inda aka sa shi. Muka yi murna, muka buɗe, muka kira, layi a kashe. Muka tura imel ya dawo. Ma'aikaciyarmu ɗaya da ta tashi aiki ta bi ta adireshin, ashe gidan haya ne na ɗalibai, waɗanda ke ciki ba su ma taɓa jin sunan ba. Muka riƙe ta iya riƙonmu, muka miƙa wa wata ƙungiya, suka jira, suka ba wasu. Bayan kusan wata biyu sai ga wata mata da hotuna a waya tana tambaya, ita ma kyautar magen aka yi mata, ita ma ba ta canza suna ba. Har yau in na tuna fuskarta ba na jin daɗi.

To wannan na waya kenan. Sauran aikin na ƙafa ne, kuma kusa za ki nema ba nesa ba. Mutane suna ɗaukar mota su tafi unguwa ta uku alhali magen tana bayan katangar maƙwabci. Wani bincike na jami'ar Kwinslan ta Ostareliya da ya fito a 2018 ya nuna kashi 75 cikin ɗari na magunan da aka samu, cikin mita 500 daga inda suka fita aka same su, kuma wadda ba ta saba fita ba ta fi maƙalewa kusa sosai. Ba ki faɗa min ko taku mai fita ce ko 'yar ɗaka ba, amma tunda firgita ce ta fitar da ita, halin ɗaya ne, ta samu rami mafi kusa ta shige ta yi lamo. Kuma abin da mutane ba sa yarda da shi sai sun gani, firgitacciyar mage tana jin muryarki tana kallon ƙafarki ba za ta amsa ba, sai yunwa da ƙishirwa sun fi ƙarfin tsoro, wani lokaci kwana biyar wani lokaci har goma. Don haka wai na kira na kira ba ta amsa ba, wannan ba ya nuna ba ta wurin.

Ki fara da gidanku tukuna, bayan injin wanki, cikin durowa, saman silin in akwai ƙofar hawa, ƙarƙashin bene. Sannan ki bi gidajen layinku da na layin da ke bayanku ɗaya bayan ɗaya. Nan fa sai kin cire kunya, don in kika ce wa Bature don Allah ka duba min gareji, zai ce to da fara'arsa, ya leƙa daga bakin ƙofa ya ce babu. Ki ce masa ko zai bari ki duba da kanki, minti biyu, akasarinsu suna yarda, mutanen nan a kan dabba sun fi tausayi fiye da yadda kike zato. Ki durƙusa ki haska tocila ƙarƙashin komai, ɗan ɗakin katakon nan na bayan gida da suke tara shirgi, ƙarƙashin dandamalin katako na lambu, bayan manyan bololin shara, cikin shinge, gidan da ake gyara, da lungun nan na bayan gidaje da Manchesta take da su birjik. Ko da rana ki riƙe tocila, ba jikinta kike nema ba, ƙyallin ido kike nema. Na san wadda aka samu bayan kwana tara a ɗakin shirgin gida na uku, mai gidan ya shiga ɗaukar wani abu da yamma ya ja ƙofa ya kulle bai san ta shige ba, da aka buɗe muryarta ta dushe ta rame kamar a busa ta faɗi, amma ta rayu, raɓar da ke taruwa a jikin taga take lasa. Yanzu kuma sanyi ya shigo, suna shiga ƙarƙashin bonet ɗin mota don ɗumin inji, ki roƙi maƙwabta su riƙa bubbuga bonet kafin su tayar.

Lokacin da ya fi shi ne tsakar dare ko bayan sallar asuba kafin motoci su fara, gari ya yi tsit. Ku fita ke da maigida, kar a kwashi yara su yi ta ihun sunanta, ƙara korar ta za su yi. Ki riƙe kwalin busasshen abincinta kina girgizawa, ki kira da irin muryar da kike kiranta in za ki ba ta abinci, sai ki tsaya ki yi shiru ki saurara, tsayawar nan ta fi kiran amfani. A bakin ƙofar baya ki ajiye bargon da take kwanciya ko wata rigarki da ba a wanke ba cikin kwali, da ruwa, da ɗan kifin gwangwani mai ƙarni. Za ki ji ana cewa a fitar da tiren yashin da take kashi a ciki wai tana jin warinsa daga nesa, ni dai ban cika ba da wannan shawarar ba, ya fi jawo muzurun unguwa da yanyawa, wannan dilan nasu na cikin gari, su zo su tsare ƙofar ita kuma ta ƙi matsowa. Wanda yake da kyamarar ƙofa a layinku ki roƙe shi ya duba miki daren da abin ya faru, ko ta wace kusurwa ta bi kawai kika sani an rage miki rabin aiki. Sannan in gidan da ɗalibar ta zauna ba shi da nisa da ku, ki je can ma, mage tana komawa tsohon gida.

Maganar kansil kuwa, gaskiya suka faɗa miki duk da na san ba daɗin ji. Mu a gida in akuya ta ɓace gidan mai unguwa ake fara zuwa, ko a ba da cigiya, kowa ya san inda ake kai tsintuwa. A nan kare ne kawai yake da irin wannan gatan, doka ta ɗora wa kansil kama karen da ya ɓace da ajiye shi, mage kuwa a idon doka mai yawo ce da 'yancinta, ba wanda aka ɗora wa alhakin kama ta. Shi ya sa babu ƙofa ɗaya da za ki buga, ƙofofi ne da yawa. Ta farko asibitocin dabbobi, duk wanda ke cikin 'yan mil daga gidanku, har da masu aikin dare, don ƙa'idar aikinmu ta wajabta mana ba da agajin gaggawa ga dabbar da aka kawo da rauni ko ba a san mai ita ba, to wanda ya tsinci mage a gefen titi wajenmu yake fara kawowa. Sai reshen Cats Protection na yankinku, ƙungiyar agaji ce mai kula da maguna, su ma'abota wannan harka ne tun 1927, suna da rajistar ɓatattu da tsintattu kuma wani lokaci suna ba da aron tarkon keji in an gano inda take ta ƙi kamuwa. Sai RSPCA, ƙungiyar da ke yaƙi da zaluntar dabbobi, amma ki sani su sun fi ɗaukar mara lafiya ko mai rauni, lafiyayyar mage da ke yawo ba sa zuwa ɗauka, kuma rassansu kowanne cin gashin kansa yake, sai kin kira na kusa da ke ɗaya-ɗaya. Sai ƙananan ƙungiyoyi na unguwa, wata ma mata biyu ne da gareji da shafin Facebook, kar ki raina su, su ne suka fi sanin kowace mage a yankin.

Kar ki tsaya a kwatance ta waya, ki tura hoto, in da hali ki je da ƙafarki. Abin da ke kike ce wa ja ko toka-toka su wani suna daban suke rubutawa a fom, mai ɗaukar waya kuma ta yau daban ta gobe daban, sai a ce miki babu alhali tana keji na huɗu. Kuma ki sake kira duk bayan kwana biyu, kar ki ji nauyi. Dalili, doka ba ta yanka wa mage wa'adin jira ba, kowace ƙungiya da tsarinta, da yawa mako ɗaya ne zuwa biyu suke cigiya sannan su nema mata sabon gida, ba don mugunta ba, kejin ne ba ya isa. In har aka ba wani ita aka yi takarda, dawo da ita yana da wuya, akasari sai da roƙo da kirkin wanda ya karɓa. Hausawa suka ce tsintacciyar mage ba ta mage, to a ƙasar nan kam tana yi, cikin mako biyu an raɗa mata sabon suna an saya mata gado.

Akwai kira ɗaya da ba wanda yake son yi, amma ki yi shi ki huta. Ki sake kiran kansil ɗin ki ce a haɗa ki da sashen sharar titi, su ne suke ɗauke dabbar da mota ta buge, wasu suna goga sikana su rubuta wasu ba sa yi, ki ba su kwatance da ranar. Dokar hanya ta 1988 ta ce direban da ya buge doki ko saniya ko jaki ko alfadari ko tunkiya ko alade ko akuya ko kare sai ya tsaya ya ba da rahoto, ba a sa mage a ciki ba, an daɗe ana fafutukar a sa ta. Kar ki yi wannan kiran gaban yara.

Fosta kuma, hoto babba guda ɗaya da ake gane fuskarta da launinta, kalma ɗaya babba a sama, unguwa da rana, lambar waya ɗaya, shi kenan, kar ki rubuta tarihi kar ki sa cikakken adireshi. Ki sa a leda bakin ledar yana kallon ƙasa saboda ruwan Manchesta ba sai na faɗa miki ba. Ƙananan kuma ki zura ta ramin wasiƙa na ƙofofi, wannan ya fi manna wa a jikin fitilar titi aiki. Shagon nama na halal, allon sanarwa na masallaci, bakin makarantar yara, mai kawo wasiƙu, masu kwasar shara, duk ki ba su. Ki sa a Nextdoor, manhajar maƙwabta ta unguwa, da zaurukan Facebook na unguwarku da shafin Animal Search UK. In tana da inshora ki duba takardar, da yawa suna biyan kuɗin cigiya har da tukuici.

Ki ɓoye alama ɗaya kar ki rubuta ta ko'ina, misali ɗigon fari a cikinta ko yagewar kunne, saboda 'yan damfara. Wallahi suna nan suna bin fostocin mutane, sai a kira ki da ɓoyayyar lamba a ce daga asibiti ne ko daga wata babbar ƙungiya, an tsinci magenki mota ta buge ta, sai an yi aiki yanzu-yanzu, ki biya fam kaza ta waya in ba haka ba ta mutu. Ke kuma hankali a tashe sai ki karanto lambar kati. Ki ce su karanto miki lambar cip, ko su faɗi alamar nan, ko ki ce ku faɗa min sunan asibitin ga ni nan zuwa, ki kashe ki nemo lambar asibitin da kanki ki kira. Mu ba ma hana dabba agajin farko don ba a turo kuɗi ta waya ba.

In an kira ki da gaske an ce tana wuri kaza, ki tafi da akwatin ɗaukarta, da katin shaidarki, da wata takarda mai adireshinki, da katin rigakafi, da hotunanta a cikin gidanku tare da yara masu kwanan wata, da saƙon da ɗalibar ta rubuta cewa ta ba ku ita. Wannan saƙon ki sa ta rubuto yau ma, da sunanta yadda yake a rajista, don in sunan da ke kwamfuta daban naki daban ba za su miƙa miki ba sai sun gamsu, kuma daidai suka yi. Ki shirya biyan kuɗin magani in an yi mata, ƙungiya kuma in ba su nema ba ma ki ba su wani abu, da sadakar mutane suke tafiya.

Wani lokaci kuma ba ɓata ta yi ba, wata tsohuwa ce a layi na biyu take ba ta kaza tana kunna mata hita, ta ɗauka marainiya ce. Ki je da fara'a da hoto da ɗan biskit, akasari a nan ake gamawa. In ta ƙi, ki nemi a kai magen asibiti a karanta cip a gabanku, kyauta muke yi. Akwai dokar satar dabbar gida da ta fara aiki a Ingila a Agustan 2024, hukuncinta har shekara biyar, amma a kan mage ɗaukewa ne laifin, wanda mage ta shigo gidansa da ƙafarta ya ci gaba da ciyar da ita ba lallai dokar ta kama shi ba, don haka kar ki fara da barazanar 'yan sanda. In kin tabbata ɗaukar ta aka yi, 101 ake kira, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba, a kuma sa wa rajistar alamar sata. Cip ɗin ma ki sani ba shi kaɗai ne hujjar mallaka ba, yana nuna mai riƙo ne, shi ya sa rasitin asibiti da hotuna suke da amfani.

Ga masu kare da za su karanta wannan, naku ya fi sauƙi ya kuma fi gaggawa. Jami'in kansil mai kula da karnuka za ku kira, ba 'yan sanda ba, an sauke wa 'yan sanda wannan aikin tun 2008, kuma ku kira har kansil na maƙwabta don kare yana cin nisa. Kwana bakwai doka ta ce a riƙe shi, bayan nan suna da ikon ba wani ko miƙa wa ƙungiya ko ma a kashe shi in ba yadda za a yi. Karɓowa akwai fam 25 na doka, ga kuɗin kwana da abinci da kowace kansil take yankawa, kullum yana ƙaruwa. Cip wajibi ne a kansu tun Afrilun 2016, kuma duk da cip ɗin sai da abin wuya mai sunan mai shi da adireshi in za a fita da shi.

Ranar da ta dawo in sha Allahu, kar yara su rufe ta da murna, a sa ta ɗaki ɗaya shiru da ruwa, abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kar a cika mata kwano don tausayi, cikin da ya daɗe ba komai ba ya ɗaukar lodi. Ki kai ta a duba ta ko da kin ga lafiya lau, musamman in mai ƙiba ce, don mage in ta kwana biyu ba ta ci ba kitse yana taruwa a hantarta, in kin ga farin idonta ko dasashinta ya yi rawaya ko ta ƙi ci to kar ki kwana. A can ki ce su goga sikana ki ga lambar da idonki ki rubuta ta a wayarki da ta maigida, in ba a yi mata aikin hana haihuwa ba a yi maganarsa a lokacin, ki koma shafin rajista ki cire alamar ɓata ki tabbatar sunanki ne ya fito, ki bi ki cire fostocin ki sanar da waɗanda kika kira. Sannan ki riƙe ta a cikin gida mako biyu zuwa uku, kuma daren sabuwar shekara tun la'asar ki rufe tagogi ki ja labule ki kunna talabijin, don za su sake harbawa.